Muttaka da Naman Sunan Dosara

Muttaka mahauci ne a kasuwar Talata Mafara, kuma in ka ji yana ba da labarin kansa sai ka zaci shi ya shata hanyoyin Zamfara da hannunsa. Fawa kam ya iya ta, gadonsa ce. Abin da bai iya ba shi ne riƙe kwatance. Kansa ba ya ɗaukar abu fiye da biyu a lokaci guda. Da ka ƙara na uku, ɗaya ya zube. Ga shi ba ya bari a kai ƙarshen magana.

Bara Alhaji Imrana, wani manomin shinkafa da ke zaune a unguwar da ke bayan Dosara, ya zo ya ce a kai masa naman bijimi guda don walimar sunan jikansa. Bayan sun gaisa, ya fara kwatance.

"In ka wuce Dosara, ka bi bakin ruwa har gadar itace. Kada ka ƙetare ta. Ka yi hagu wurin tsamiya, ka bar rumbuna uku a damanka, sannan..."

"Alhaji, wanga wuri ai gida ne," in ji Muttaka, yana wasa wuƙa.

Ranar suna da hantsi ya ɗaure nama a bayan babur ya kama hanya. Ya tuna gada, ya tuna tsamiya. Kalmar "kada" ce ta zube. Ya ƙetare gadar yana fito, ya yi hagu a tsamiyar farko da ya gani, ya faɗa cikin gonakin shinkafa masu kama da juna. Kafin azahar ya manta ta inda ya shigo. Sau uku yana wuce injin ban-ruwa guda, kowane karo yana mamakin yawan injuna a ƙasar nan.

Wata dattijuwa mai korar tsuntsaye a gona ta ɗaga masa hannu.

"Malam, tun ɗazu kake zagaye mu. Ina za ka?"

"Gona nake dubawa, Inna," in ji shi, ga cinyar bijimi tana leƙowa daga cikin buhu.

Sai bayan la'asar ya isa, shi ma don ya bi sawun mutanen da ke komowa daga sunan. Baƙi sun riga sun ci tuwonsu da miyar kuka gaya. Alhaji Imrana ya buɗe buhun, ya kau da kai, ya rufe.

"Sannu da hanya," kawai ya ce, ya sa aka haƙa wa naman rami a bayan gida.

Muttaka bai shiga kasuwa ba sai bayan mako guda. Da ya dawo, ya gaya wa mahauta cewa mutanen Dosara sun canja wa gadar wuri, ba su sanar da kowa ba.