Kafin a Auna Tauraro, Sai an Auna Shiru

Bana shekara tara ke nan da aka kai mijina, Abban Husna, makwancinsa a Manchester, ana yayyafi. Allah ya haskaka kabarinsa.

Na tashi da littattafan soyayya a ƙarƙashin matashin kaina. Da aka ce mai neman aurena taurari yake bincike, sai na ɗauka zan ƙare rayuwata yana nuna mini zara kusa da wata. Ashe aikinsa a wani ɗaki ne marar taga a Birmingham. Can shi da abokan aikinsa suke harba ƙwayoyin zarra kan wani ɗan falle mai sirin fatar albasa, su ƙirga da wata na'ura 'yan kaɗan ɗin da suka haɗu, domin irin wannan haɗuwar ce ke hura wutar da ke fasa tauraro. Yakan kwana can a unguwar Selly Oak, ran Juma'a ya hau jirgin ƙasa ya dawo mana unguwarmu Moss Side a Manchester.

Wata Juma'a na tambaye shi abin da suka samu a makon. Ya ce ba komai, sun cire fallen sun bar na'urar tana sauraren wofi. Na ce, "Wato ka bar ni da yarinya ka je gadin iska?" Ya yi dariya har ya ƙware da shayi. Ya ce, "Uwargida, bango ma yana da motsinsa. In ba ki san abin da ɗaki ke faɗa babu kowa ba, yaya za ki gane muryar baƙo?"

Bana Husna ta sami gurbin karatu a fanninsa, a Birmingham ɗin. Na ce ga jami'a nan Manchester kusa da unguwar Hulme, bas ɗaya ne. Gaskiya ba nisan nake tsoro ba. Tun rasuwarsa ban taɓa zama a gidan nan ni kaɗai ba, kuma ita ce mai irin tafiyarsa da irin tarinsa. Ina tsoron in ta fita, ya fita tare da ita. Ta ce da ni da Hausarta mai gargada, "Mama, Abba zai ce in je." Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma ba a taɓa tambayar barewa yadda take ji ba.

Me zai ce da yana nan? An ce na'urorin yanzu sun fi na zamaninsa kaifin ji. Na san zai yi murna, sannan ya tambaya ko sun fara auna wofi.

Makon jiya na raka ta Selly Oak, na shimfiɗa mata zanen gado, na dawo. Na buɗe ƙofa ban kunna rediyo ba. Na zauna ina saurare. Firji na gunji, bas ya wuce, 'ya'yan maƙwabta na gudu a bene. Na ware waɗannan ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ya koya mini. Da na gama, akwai saura. Dariyar nan ce ta ranar shayi, da yadda yake cewa "Uwargida" in zai tsokane ni.

Bai bi ta Birmingham ba. Yana nan.