Daminar da Na Zama Jelar Saniya

Ranar wata Laraba ce, a daminar da na shiga izu na uku, na ɗauki almakashin Inna na zagaya bayan gidanmu a Sorau. Woɗe, jar saniyar da nononta ke riƙe da gidan, tana kwance tana tuƙa. 'Yar tsanata ta kara ba ta da gashi, ga jelar Woɗe baƙa wuluk mai santsi tana jan ƙasa. Na yi bisimilla, na datse gashin tas, na zauna na yi wa 'yar tsanata kitso.

Ban san lokacin bobuwa ba ne, manyan ƙudajen nan masu cizo da ke tasowa daga bakin mayo, wato rafi, idan ciyawa ta yi tsawo. Cikin kwana uku suka rufe Woɗe. Sai ta kaɗa guntun jela a banza, jini na tsattsafowa a gadon bayanta. Ta daina kiwo, nono ya ja baya, ƙanina Buba ya dinga kuka a kan koko marar madara. Baffa ya ga kitson, ya daɗe yana dubansa. Bai dake ni ba. Ya karyo reshen dalbejiya ya miƙo mini, ya ce, "Allah bai yi mata jela don ado ba, Dija. Kin ɗauke tata, sai ki zame mata wata."

Haka na yi sauran daminar. Da hantsi Inna takan haɗa hayaƙin busasshen kashin shanu da ɗanyen ganye, ni kuwa in jingina allona a gindin tsamiya, ina kora ina tilawa. Bobuwa ba ta bambanta mu ba, har yau akwai tabonta a ƙwaurina. Wani lokaci hayaƙin ya lulluɓe mu, duwatsu su yi shuɗi can nesa, numfashin Woɗe ya bi sautin karatuna, har in rasa ko a farke nake. Kafin a yanke dawa miyakunta suka warke, Buba ya koma shan kindirmo.

Yanzu a Mubi nake, a Sabon Layi. Maganin feshi ake saye a kasuwa, 'yan tsanar jikokina kuma da gashinsu suke zuwa. Amma duk sanda na zauna tilawa da damina, sai in tarar hannuna na dama yana kaɗawa a hankali, shi kaɗai.