Ranar da Na Share Ƙanƙara a Hanyar Hatta

Akwai wata safiyar Asabar a hanyar garin Hatta, can ƙasar Larabawa, da ko tsufa ba zai mantar da ni ita ba. Lokacin ina wata na biyu da zama shugaban masu share titi a wani kamfani. Gwaji ne aka ce: in na cika wata uku ba kuskure, muƙamin ya zama nawa.

Aikinmu kwashe yashin da iska ke tarawa a titi ne, kuma ina da ƙa'ida da ba na yarda a tsallake. Da farko a jera alamun hanya, sannan a duba inda iska ta nufa, sannan a ture yashin can don kada ta dawo da shi.

Ranar sai aka yi ruwa da ƙanƙara, titi ya yi fari fat, ta kai idon sawu. Masu zuwa hutu suka tsayar da motoci suna ɗaukar hoto. Ni kuwa aiki na gani.

Direban motar ture yashi, wani dattijo ɗan Zangon Kumasi, ya leƙo ta taga ya ce, "Oga, shwaiya, a hankali. Bar ta, rana za ta kwashe."

Na ce, "Baba, rana ba ta sa hannu a takardar aiki ba. Yalla, mu fara."

"To, wane gefe?"

Na ɗaga hankici na duba iska. Wajen dutsen da ke gefen titi ta nufa, don haka muka tara ƙanƙarar a gefen dutse, tsibi-tsibi, layi ɗaya ɗoɗar. Na riƙe ƙugu ina yaba kaina. Ban lura gefen ne ya fi tudu ba, kuma bakin magudanar ruwa muka binne.

Kafin azahar rana ta buɗe. Ƙanƙarar ta narke, ruwan ya rasa hanya, ya gangaro kan titi da laka da tsakuwa. Inda ba mu taɓa ba ya bushe ƙayau, motoci na wucewa. Wurin da na gyara kaɗai aka rufe.

Manaja ya zo, ya dubi titin, ya dubi takardata, ya yaba cewa ban tsallake mataki ko ɗaya ba. Washegari aka miƙo min tsohuwar tsintsiyata. Dattijon nan shayi kawai ya zuba min. Sai da na ƙara shekara biyu ina shara kafin a sake gwada ni.

Har yau ina son tsari, ban tuba ba. Amma na gane ƙa'ida ba ta san komai ba sai abin da aka rubuta ta dominsa. Kafin mataki na ɗaya, mutum ya sunkuya ya taɓa abin da ke ƙasa tukuna.