Zama Shida a Tabarma Ɗaya

Kalawati ta tsufa tana koyar da ƙananan yara a ƙauyen Rampatti. Ta iya share majina, ta iya raba faten shinkafa ba a yi kuka ba. Abin alfaharinta kuwa Chanwa ce, 'yar unguwar majema, waɗanda mutanen garin ke ɗauka ko taɓa su ƙazanta ne. Sai da ta yi ta zarya gida-gida kafin iyayen sauran yara su yarda yarinyar ta shigo aji, da sharaɗin ta zauna a ƙarshen tabarma, wajen ƙofa. In ba a ajin nan ba, babu inda Chanwa za ta ga allo.

Wata shekara aka tara malamai a birni domin horo. Mai horarwar, wata budurwa daga Patna mai suna Ishita, ta ce za su koyi nuna wa yara hanyoyin jera abubuwa.

“Yara uku, tabarma ɗaya. Zama iri nawa za su yi?”

Kalawati ta jera nata a zuci: Bablu ɗan mai gonaki, Guddi, Chanwa. Ta ce, “Biyu.”

“Haba Didi! Shida ne,” in ji Ishita. Didi, wato Yaya a harshensu.

Malamar kusa da ita ta zungure ta. “Tsohuwa, kin kafe ta majema a ƙofa ko?” Duk aka kwashe da dariya, ban da Ishita da ba ta gane ba.

“Da yaran kansu za ku yi, ba da tsakuwa a madadinsu ba,” in ji Ishita. “Zan zo in gani.”

Kalawati ta san garinsu. Ta san abin da zai biyo baya, amma ba ta gargaɗi Ishita ba. Kunya ce ta hana ta.

Ranar da Ishita ta zo, aka yi darasin. Yaran suna ta ƙyalƙyala, suna sauya wuri. Chanwa ta shiga tsakiya, gwiwarta na gogar ta Bablu. Ita ce ma ta gano zaman ƙarshe da kowa ya manta. Ishita ta tafa, ta ɗauki hoto, ta shiga mota.

Washegari uwar Bablu ta tsaya a ƙofa. “Sau biyu na wanke shi, ke! Lissafin naki ke nan? Ko ita, ko namu.”

Kalawati ta ce za ta mayar da yarinyar bakin tabarma. Matar ta tofar da yawu.

Ba a kai ga kora ba. Uwar Chanwa da kanta ta riƙe 'yarta a gida. Kalawati ta bi ta har unguwar majema, ta tarar da uwar tana shanya kashin shanu na hura wuta.

“Didi, a gonar su Bablu muke yin ƙwadago,” ta ce, ba ta ɗago ba. “Ke za ki ciyar da mu?”

Kalawati ta koma sau da yawa, har aka daina shimfiɗa mata buhu. Bara ta ajiye aiki. Chanwa tana dakon bulo a matoyar da ke bakin titi, in sun haɗu ba ta ko gaishe ta.