Yari Tafinta da Takardar Tungar Kawunsa

Yari ɗan fataken kanwa ne, haifaffen Illela. A Zungeru ya tsinci Turancinsa, inda ya shekara huɗu yana kula da dokin wani Bature. Ya dawo gida daidai lokacin da Turawan Ingila da na Faransa ke shata iyaka, aka ɗauke shi tafinta, don duk garin ba mai jin Turanci sai shi.

Wata damina, gero ya fara fitar da kai, aka ba shi takardar Bature ya kai wata tunga arewa da tafkin Kalmalo, wadda iyakar ta ratsa gonakinta. Mai tungar kawunsa ne, Maccido. Yari ya karanta, ya sake karantawa.

"Kawu, Bature ya ce ku tashi."

"Mi munka yi mai?"

"Bai faɗi ba. Tashi dai anka rubuta."

Gida goma sha ɗaya suka ɗaure kaya, suka bar gero tsaye, suka tsallaka ɓangaren Faransa. Can aka kwashe mazan zuwa aikin tilas. Maccido bai ga wata damina ba. Lubabatu, ƙanwar Yari da ke aure a tungar, ta dawo Illela da goyo, ba miji.

Bayan shekara biyu wani akawu mutumin Saliyo ya ci karo da kwafin takardar, ya tambayi Yari abin da ya tashi mutanen. Da akawun ya ji, sai ya ɗora yatsa a kan kalmar da Yari ya fassara da tashi. Live aka rubuta, wato su zauna. Tashi kuwa leave ne. Akawun ya ce duka biyun tsofaffin kalmomin kakannin Turawa ne, tushensu ɗaya, har ma ta biyun da can tana nufin a bar abu inda yake.

Ranar Yari ya ajiye aiki. Ya tarar da Lubabatu tana tankaɗe, ya faɗa mata komai.

"Haka Allah ya ƙaddara, Yaya," ta ce, ta ci gaba da aikinta.

Sau biyu ya tsallaka yana roƙon mutanen tungar su dawo. Gida uku kaɗai suka biyo shi. Ya koma sayar da kanwa a kasuwa, yana tara kalmomin Turanci masu kama da juna a wasu 'yan takardu cikin gafakarsa: ship da sheep, jirgi da tunkiya. Amma duk wanda ya kawo masa takardar Bature, sai ya ce a kai Sakkwato a karanta can.

Ya rasu shekarar babbar yunwa. Lubabatu ce ta yi jinyarsa.