Labbo Ya Je Neman Mai Teku

Labbo taubashina ne, don haka duk abin da na faɗa a kansa ba shi da inda zai kai ƙara. Basarke ne gaba da baya, kamun kifi ya gada, gidansa na wani ƙauye bakin gulbin Bunsuru, tafiyar rabin awa a babur daga Shinkafi. Gajere ne, ga gwame, a tudu ba shi da wani kwarjini. Amma bari ya kifa cikinsa bisa gora, homar kamun kifi biyu a hannu, sai ka rantse a cikin ruwa aka yanke masa cibi.

Shekara arba'in da ɗoriya, duk bazara in gulbi ya ja ya bar tafkuna, Labbo na bin su ɗaya bayan ɗaya har ƙasar Zurmi. Kuma bai taɓa tsoma ƙafa ba sai Sarkin Ruwan wurin ya sa rana ya ce a faɗa. Haka ubansa ya koya masa: kowane ruwa da mai shi, wanda ya shiga ba izini ɓarawo ne ko tarwaɗa guda ya ɗauka. Abin da ya kamo kuwa matarsa Lauratu ke yin bandarsa.

Bazarar bara hanyoyin daji suka ƙi biyuwa saboda ɓarayi, Labbo ya zauna gida yana faɗa da kaji. Sai autansu Armiya'u, da ke sayar da albasa a Badagiri ta wajen Ikko, can bakin teku, ya yi waya ya ce a zo a ga jaririn da aka haifa masa. Lauratu gwiwa ta hana ta doguwar tafiya. Tana ɗaure masa kaya ta ce, "Malam, kihin kowane ruwa na ƙasag ga na ci daga hannunka, saura na ruwan gishiri. Ka kamo mini guda. Da hannunka fa, ba na kasuwa ba."

Matar da ko zani ba ta taɓa roƙonsa ba. Labbo ya buga ƙirji ya ce an gama. Ya hau motar albasa da gorarsa da homarsa, direba ya gaya masa ranar Alhamis za su juyo. Kwana shida ke nan gare shi.

Armiya'u ne ya ba ni labarin can, yana yi yana riƙe ciki. Ya ce da Baba ya ga teku sai da ya cire hula ya yi salati. Da ya dawo hayyacinsa ya tambaya, "Ina Sarkin Ruwan wanga wuri?"

"Baba, teku ce. Ba ta da mai ita, kowa shiga yake."

"Rufe mini baki! Tafkin bayan gidanmu da jaki ke ƙetarewa yana da mai shi, sai wanga ne za a ce marayan Allah?"

Haka suka shiga nema. Masu jiragen kamun kifi suka tura su wurin shugaban ƙungiyarsu, shi ya ɗauka jirgi suke son haya. Wani mai kaki ya zaci takarda suke nema, ya kwatanta musu ofis a cikin gari. Labbo ya ce shi ba takarda yake so ba, mutum yake so ya dube shi ido da ido ya ce masa shiga. Kwana huɗu suka tafi a haka. Kullum da safe sai ya zauna bisa rairayi, gora a gefe, ana ta sauke kifi a gabansa yana haɗiyar miyau.

Ranar Talata Armiya'u ya gaji. Ya ce, "Baba, ga shi nan da ransa ana fiddowa. Mu sayi guda, Inna ba za ta gane ba."

Labbo ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Ni fa? Ni ma ba zan gane ba?" Armiya'u bai sake tayar da maganar ba.

Ranar Laraba wani tsoho da ke ɗinkin koma a gindin kwakwa ya yafito su. Ya ce kwana biyar yana kallon baƙon nan mai ƙaton gora, me yake jira? Armiya'u ya yi masa bayani da ɗan Yarbancin da ya tsinta a kasuwa. Tsoho ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Can kuma ya ajiye komar. Ya ce shi ba shi ke da teku ba, ta Mahalicci ce, amma kakansa daga wannan gaɓar yake tura jirgi, kuma shekararsa saba'in a nan ba wanda ya taɓa zuwa ya ce masa zai shiga. Ya miƙe ya kama hannun Labbo har bakin ruwa, ya ɗebo da tafinsa ya zuba masa a ƙafa, ya ce, "Shiga." Labbo ya durƙusa ya miƙa masa goron da ya kwana biyar a aljihu.

Gora kam tsoho ya ce a bar ta a tudu, in ba gawa ake son mayarwa gida ba. Ya saka shi jirgin 'ya'yansa, ya ba shi fatsa. Wayyo Labbo! Gwanin Bunsuru guda, igiyar ruwa ta ɗaga su sau uku ya kwanta a ƙasan jirgi yana amai yana kiran sunan uwarsa. Amma zaren fatsar nan yana naɗe a yatsansa bai saki ba. Wajen azahar ya ji an fizga. Ya jawo wani ɗan kifi mai sheƙi, tsawonsa bai wuce tafin hannu ba. 'Ya'yan tsoho suka ji tausayinsa suka zaɓo masa manya daga komarsu, ya yi godiya ya ce nasa ya ishe shi. Da kansa ya yi bandarsa kafin magariba, ya saka a gwangwanin madara ya ɗaure bakin da tsumma.

Ina gidan nasa ranar da ya dawo. Surukai da jikoki suka yi da'ira, Labbo ya kwance gwangwani, na ce, "Ikko ka je ko rijiya?" Lauratu ta gutsuri kaɗan ta tauna, ta ɗaga kai da mamaki.

"Malam, ai ba gishiri!"

Gida ya kaure da dariya, har Labbo. Ita dai ba ta yi ba. Ta dube shi ta ce, "Da hannunka?"

"Da hannuna."

Tun da nake ban taɓa ganin Lauratu ta sa abu a baki ba ta gutsura wa wani ba, ko gyaɗa ce. Jikoki suka matso suna miƙa hannu, don sun saba. Ta ce, "Ku yi haƙuri, wanga nawa ne." Ta juya musu baya, ta zauna ta cinye shi a hankali har kai, hawaye na bin kumatunta.