Tsanwa Tana Hannuna: Ta'aziyyar Adda Lantana Mai Awon Yara

Daga Allah muka fito, gare Shi kuma za a mayar da mu ɗaya bayan ɗaya. Ranar Alhamis, sha huɗu ga watan Agusta na shekarar 2025, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Adda Lantana, matar marigayi Malam Isa tela, a gidanta da ke Garbadu, bayan jinyar kwana tara. Ta rasu tana da shekara sittin da uku. An kai ta makwancinta bayan azahar, ana yayyafi.

Ni Na'ima, malamar aji uku a firamaren garin nan, ina cikin mata biyun da suka yi mata wanka. Biyu na ce: ni da Taiba maƙwabciyarta. A garin da babu gidan da ƙafar matar nan ba ta taka ba, sai da aka yi ta aike kafin a samu wadda za ta zuba mata ruwa. Don haka na sani wannan ta'aziyya ba za ta yi wa wasu daɗi ba, ni kuwa ban rubuta ta don ta yi musu daɗi ba.

Adda, shekara takwas kika yi kina aikin sa kai a ƙaramin asibitin garinmu. Aikinki bin gidaje ne da wata 'yar igiyar roba mai launi uku, kina zagaya ta a damtsen yara. In ta tsaya a tsanwa, wato kore, ki yi wa uwa barka. In ta tsaya a ruwan ɗorawa, ki zauna ki koya mata kunun gyaɗa da waken suya. In ta faɗa ja, to tamowa ta kama yaro, ba kya barin gidan sai uwa ta yafa mayafi kun kama hanyar asibiti. Ɗiyata Bushra ja ta faɗa shekara biyu da suka wuce. Ni da takardar shaidar malanta a akwati, ina ta ba ta jiƙon haƙori, ke da ba ki taɓa zama a aji ba kika dubi gashinta da ya yi ja, kika danna ƙafarta da yatsa ya lotsa, kika ce in tashi. Yau Bushra ita ce mai hana ni barcin rana da tsalle-tsalle.

Mussar nan, wato kyanwar da ta jawo miki bakin duniya, a daminar bara kika tsince ta. Ranar Talata ce, kina dawowa daga kasuwar Mafara a bayan mashin, kika hangi buhu ɗaure a bakin magudanar ruwan fadama yana motsi kaɗan-kaɗan. Kika sa mai mashin ya tsaya. Abin da ke ciki, wanda bai sani ba ba zai ce kyanwa ba ce. Fata ce a kan ƙashi, haƙarƙari ana ƙirgawa, idanu sun manne da kwantsa, ƙuma na yawo a jikinta. Tana buɗe baki za ta yi kuka, sauti ba ya fita. Kika sa ta cikin zani, jikinta a jikinki, yadda kike koya wa masu jego su yi wa jaririn da ya yi sanyi.

Ranar na shigo gidanki na gan ta, tausayi ya kama ni, na koma gida na cika kwano da tuwo da kan kifi na kawo. Ban manta yadda kika tare kwanon da ƙafa ba.

“Ɗauke wanga kwano, Na'ima, kashe ta za ki yi? Wanda yunwa tad daɗe tana ci ba a cika mishi ciki. Kaɗan-kaɗan aka bi da shi har hanji shi tuna aikinshi.”

Haka kuwa kika bi da ita. Nonon akuyarki, ki sirka da ruwan ɗumi, ki ja a sirinjin da aka cire wa allura, ki ɗiga mata a gefen baki, ɗigo biyar, ki dakata. Bayan an jima ki sake. Kika wanke mata ido da ruwan ɗumi da tsumma mai laushi har suka buɗe a rana ta huɗu. Wani mai hikimar banza ya ba ki shawarar fesa mata fiya-fiya, maganin ƙwarin nan, don ƙuma su mutu, kika tambaye shi ko da shi yake yi wa ɗansa maganin ƙwarƙwata. Da mataji da farce kika tsince su ɗaya bayan ɗaya. Sai da ta yi mako biyu kafin ki yarda ta lashi romon kifi, sai kuma gwaiduwar ƙwai, sai ƙananan kifin da ake kawowa daga madatsar ruwan Bakolori, kina murtsuke su kina cire ƙaya. Wata rana don ki ba ni dariya kika zagaya mata igiyar awonki a ƙugu, kika ce ja wur. Nan take kika raɗa mata suna Tsanwa. Na ce ina tsanwa a nan? Kika ce, “Can za mu.”

A wani zama da muka yi a gefen murhu cikin kwanakin nan ne kika gaya mini abin da ban taɓa ji daga bakinki ba. Kika ce kin taɓa haihuwar mace, Amatullah, can a rugar iyayenki wajen Faru, ta riski yunwar tamanin da huɗu tana shekara biyu. Ranar da hatsi ya shigo gidan, murna ta sa kika tuƙa tuwo kika ɗura mata har ta ƙoshi, kina ganin kin cece ta. Ba ta ƙara kwana biyu ba. Kika ce tun daga ranar ba ki ƙara ganin mai yunwa kin wuce ba, ba ki kuma ƙara yarda a cika masa ciki da gaggawa ba, ko mutum ne ko dabba. Ba ki yi kuka ba da kike faɗa. Ni ce na yi.

Yanzu bari in faɗi yadda aka ɓata miki suna, don wanda bai sani ba ya sani, wanda ya sani kuma ya ji kunya.

Tun farko akwai tsofaffin da ba sa son igiyar nan. A wurinsu mutum sau ɗaya ake auna shi, da karan dawa, ranar da za a haƙa masa kabari. To me ya kawo awon yaro mai rai? Wannan tsoro ne ya sa wata matar garin nan, Suwaiba, ta ɓoye jaririyarta Zahra'u a ɗaka wata biyu, duk zuwan da kika yi a ce miki sun tafi unguwa. Ranar da aka fito da ita jiki ya riga ya kumbura. Kika auna, igiya ta nutse cikin ja, kika raka su asibitin Mafara da ƙafarki. Litinin kika auna ta, Alhamis ta cika. Ban ga laifin Suwaiba ba, uwa ce da aka tsorata, kuma ta biya abin da ba wanda zai iya biya. Laifin na masu ƙoshi ne, waɗanda suka zauna a inuwa suka haɗa ɗaya da ɗaya suka samu goma sha ɗaya. A daidai lokacin Tsanwa ta fara murmurewa, gashi ya fito yana sheƙi, tana hawa katanga. Sai aka fara cewa, “Mussa na ƙiba, ɗiyan mutane na ramewa, ku mi kuka gani?” Daga nan kalmar da nake ƙyamar rubutawa ta fito fili. Aka ce ke mayya ce, kina auna kurwar yara da igiya kina ciyar da kyanwarki.

Ku da kuka faɗi haka, ni malama ce, bari in yi muku darasi kyauta. Abin da ya sa Tsanwa ƙiba nonon akuya ne da haƙuri. Abin da ya ramar da yaranku gero ne da ya ƙare a rumbu tun kafin shuka ta kai gwiwa, da gonakin daji da tsoro ya hana mazanku zuwa, da gudawar damina. Duk wannan kun sani. Amma yunwa ba ta da ƙofar da za a jefa da dutse, tsohuwa mai zaman kanta kuwa tana da ita. Kun ji malamai a masallaci da Islamiyya suna faɗin makomar matar da ta tsare kyanwa ta hana ta abinci, kuka gyaɗa kai, kuka fito kuka tsani wadda ta ciyar.

Ɗanki Mukhtar ya kira daga Bakura ya roƙe ki ki yar da ita bakin mutane ya huta. Taiba tana wurin, ita ta ba ni amsarki: “In na yada ta, na yarda da maganassu ke nan. Ita kuma mi tay yi musu?” Ba ki yar ba, ba ki kuma ɓoye ta ba. A ƙofar gida take shan hantsi kowa na gani. Yawon gidaje ma ba ki fasa ba. Inda aka rufe miki ƙofa, sai ki rataye igiyar a kan ƙyaure, ki ɗaga murya ki ce in hannunki ake tsoro, uwa ta auna da nata, za ki dawo ki ɗauka. Wasu sun auna a ɓoye. Na san aƙalla gida huɗu da yaransu ke raye ta wannan hanya, iyayen kuma ba su taka gidanki ranar rasuwa ba.

Adda, ni ma ba zan wanke kaina ba. Wata Asabar kika yi sallama a gidanmu don duba ƙanen Bushra, uwar mijina ta harare ni ta girgiza kai. Ni, wadda kika ceto wa ɗiya, na tsaya bayan labule na ce miki yana barci, alhali yana goye a bayana. Na san kin ji motsinsa. Abin da kika ce kawai shi ne, “To, ɗiyata. In ya tashi ki danna ƙafatai da yatsa, in ta lotsa ki kawo shi.” Kika juya kika tafi. Da kin zage ni da na samu sauƙi. Na zo neman gafara kina kwance a jinyar nan, kika ce ke ba ki san na yi miki komai ba, kika ce in duba ko an zuba wa Tsanwa ruwa.

Ranar rasuwarki na ga karan da aka auna ki da shi, an fita da shi wajen masu haƙa. Kara ɗaya, kamar na kowa. Wannan shi ne awon da ake tsoro, kuma babu wanda rufe ƙofa zai hana a yi masa. Naki awon na raya mutum ne.

Tsanwa ta kwanta a kan tabarmar sallarki ta ƙi ci ta ƙi sha. Ranar sadakar uku, mutane ba su gama watsewa ba, sai ga Murtala ɗan yayanki ya shigo tsakar gida da buhu a hannu. Ya ce dangi sun yanke shawara a kai ta can bayan Maradun a sake ta, gida ya tsarkaka. Na riga shi isa gare ta. Na ɗauke ta, jikinta ya yi sako-sako, na sa ta cikin hijabina. Ya ce, “Malama, ba ruwanki da wagga magana, ta cikin gida ta.” Na ce masa, “Murtala, cikin buhu gwaggonka tat tsamo ta, kuma ba ta komawa buhu ina numfashi. In kana iyawa, ɗaga hijabin matar aure ka ɗauka.” Ya tsaya yana kallon mazan da ke zaure, babu wanda ya ɗago kai. Ya naɗe buhunsa ya fita.

Ga labarin da na zo ba ki, Adda. Tsanwa tana hannuna. Kwana biyu ta ƙi kallon kwano, ni kuma ban cika mata shi ba, na tuna. Na aro nono wajen akuyarki, na sirka, na ɗiga mata biyar na dakata. Jiya ta lashi romo da kanta, yau da safe ta kori ƙadangare har gindin rumbu. Uwar mijina ta ce ko ita ko kyanwar a gidan. Na ce mata Inna, gidan na da faɗi, kuma ɓeran da ke ɗakinki bai san gaba ba. Igiyar awonki ma Mukhtar ya damƙa mini, na kuma je asibiti na ba da sunana. Ranar Asabar, da ba makaranta, zan fara daga gidan da aka fara rufe miki ƙofa.

Ya Allah, ga baiwarKa Lantana ta zo gare Ka. Ka gafarta mata, Ka yalwata kabarinta, Ka haskaka shi, Ka shayar da ita daga tafkin ManzonKa kamar yadda ta shayar da abin da ba ya iya roƙo. Ka sada ta da Amatullah a inda babu yunwa. Ka ba Suwaiba haƙuri, Ka sa Zahra'u ta zama mai ceto gare ta. Ka shirye mu, mu da muka yi shiru da waɗanda suka yi magana.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Mukhtar da iyalinsa, da Taiba da ta tsaya a lokacin da tsayuwa ke da tsada, da 'yan'uwanta na Faru, da Murtala shi ma, don gwaggo ya rasa ko bai gane ba tukuna. Ina kuma yi wa yaran Garbadu ta'aziyya, su da suka yi babban rashi ba su sani ba. Allah Ya jiƙan Adda Lantana, Ya kyautata namu bayan nata.

Wanda kuma har yanzu ke da niyyar zuwa da buhu, gidana ba ɓoyayye ba ne, yana bayan firamare, Tsanwa na kwance a bakin ƙofa. Sai dai in zai taho, ya riƙo hannun ɗansa su zo tare, in auna shi tukuna.